Me ya sa mota ke girgiza idan an ba ta wuta? Amsa ga wani mai Corolla a Tawa

Tambayar ta zo daga wani malamin makaranta mazaunin Tawa, kuma ga taƙaitaccen abin da ya ce. Yana da Toyota Corolla ƙirar 2006 mai giyar hannu, wadda ya saya hannu na biyu. Tun bayan ɗaukewar damina, duk lokacin da ya taka totur motar tana gudun kilomita 40 zuwa 70 a awa, sai ta kama girgiza, yana jin abin a ƙarƙashin ƙafafunsa da cikin kujera, musamman idan ya ɗauko iyali ko yana hawan tudu, amma da zarar ya ɗaga ƙafa sai ta lafa. An canja buji, an yi wa tayoyin gaba ekilibiraj, wato an daidaita nauyinsu, ba abin da ya sauya, kuma fitilar inji ba ta kama ba. Yanzu an ce masa sai an buɗe inji, ga shi kuma yana da tafiya Yamai a gabansa.

Malam, ina gaishe ka da ƙoƙari, kuma na gode da yadda ka yi bayani dalla-dalla, domin irin wannan bayanin shi ne rabin aikin makanike. Abin da zan fara roƙonka shi ne kada ka yarda a kwance kan injin nan tukuna. Alamun da ka zayyana, wato girgizar da ke zuwa da taka totur, take ƙaruwa da nauyin kaya, take kuma ɓacewa nan take idan an ɗaga ƙafa, sun fi nuna kardan na ciki, wato gaɓar da ke haɗa sandar da ke juya tayar gaba da akwatin giya. Ban ga motar da idona ba, saboda haka ba zan ce ka je ka sayi kardan gobe da safe ba. Zan dai nuna maka yadda za ka tabbatar da kanka, kai da makanikenka, ba tare da an ƙara sayen wani ƙarfe bisa zato ba, domin abin da ya fi cin kuɗin masu mota a garinmu ba tsadar kayan gyara ba ce, canja abin da lafiyarsa ƙalau ne.

Duk girgizar da mota ke yi tana bin ɗayan abubuwa uku. Wata tana bin juyin inji, ta yadda za ka ji ta a duk lokacin da allurar agogon inji ta kai wani wuri, ko motar tana tafiya ko tana tsaye. Wata tana bin gudun taya, ta yadda za ta zo a gudu ɗaya kullum, ko ka taka totur ko ba ka taka ba. Wata kuma tana bin ƙarfin ja, wato ba ta bayyana sai lokacin da injin yake tura motar da ƙarfi. Idan aka gano wanne take bi cikin ukun nan, an riga an kawar da mafi yawan abubuwan da ake zargi, kuma gano hakan ba ya bukatar komai sai hanya mai kyau da natsuwa.

Ka nemi wani yanki na kwalta mai santsi kuma miƙaƙƙe a bayan gari, misali a kan hanyar da ta nufi Badagishiri da Ƙonni, a lokacin da babu cunkoso, ka ɗauki makaniken ya zauna a gefenka, ku kashe rediyo da na'urar sanyi. Tun kafin ku tashi, motar tana tsaye ba a cikin giya ba, ka ɗaga injin sannu a hankali daga inda yake hutawa har zuwa juyi 3,000 a minti, ka saurara ko akwai wurin da jikin motar yake rawa. Bayan haka ka hau hanya, ka sa giya ta huɗu, ka taka totur sosai daga gudun 40 har girgizar ta zo. Idan ta zo, ka ɗaga ƙafa ba tare da ka taɓa komai ba, ka lura ko ta tafi nan take ko kuwa ta ci gaba har sai gudun ya ragu. Ka sake kai motar wannan gudun, ka taka kuloci ta gangara da kanta na ɗan lokaci. Daga ƙarshe ka maimaita wannan gudun a giya ta uku, inda injin zai yi juyi da yawa alhali tayoyin suna juyawa kamar ɗazu. Ka kuma lura da yanayin girgizar kanta: shin motar tana kaɗawa hagu da dama ne, ko kuwa tana fizga gaba da baya kamar ana riƙe ta ana saki, kuma shin ƙarfinta na raguwa a lokacin ko yana nan yadda yake?

Ga yadda za ka karanta abin da ka ji. Idan girgizar ta ci gaba bayan ka taka kuloci, to ba ruwan inji a ciki, maganar taya ce ko janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, ko wani abu mai juyawa tare da su. Idan ta bayyana a juyin inji ɗaya ko da wace giya kake, har ma motar tana tsaye, to sai a koma kan inji da robobin da ke riƙe shi. Idan motar tana fizga gaba da baya, ƙarfinta yana yankewa, abin ya fi tsanani a babbar giya da ƙaramin juyi amma ya yi sauƙi da ka sauko giya ta uku, to wani silinda ne, wato ɗaya daga cikin ramukan inji inda mai ke ƙonewa, yake ƙin kama wuta idan an matsa masa. Amma idan kaɗawar ta hagu da dama ce, tana zuwa a gudu ɗaya a giya ta uku da ta huɗu, motar tana da ƙarfinta, kuma ɗaga ƙafa yana kashe ta kamar an ɗauke da hannu, to zargina ya ƙara ƙarfi ƙwarai, kardan na ciki ne.

Ya kamata ka san yadda wannan gaɓar take aiki, domin sanin haka ne zai sa ka iya tsayawa kan maganarka a gareji. A mota mai jan gaba irin taka, sanduna biyu ne suke fitowa daga akwatin giya, ɗaya zuwa tayar hagu, ɗaya zuwa ta dama, kuma ta daman ta fi tsawo saboda akwatin giyar yana can gefen hagu. Kowace sanda tana da gaɓa biyu. Ta waje, wadda ke jikin taya, ita ce ke ba taya damar karkata idan ka murɗa sitiyari, kuma idan ta lalace ƙara take yi, ƙas-ƙas-ƙas, a lokacin da kake shan kwana a hankali. Wannan kowa ya san ta, shi ya sa da yawa idan ba su ji wannan ƙarar ba sai su ce kardan lafiya lau yake. Ta ciki kuwa aikinta daban ne. A bakin sandar akwai ƙarfe mai ƙafa uku, kowace ƙafa da zobe mai juyawa a kanta, kuma duka ukun suna zaune cikin wani kofin ƙarfe mai hanyoyi uku. Duk lokacin da taya ta hau ko ta faɗa rami, tazarar da ke tsakaninta da akwatin giya tana canjawa, sai zobban nan su zame ciki ko waje a cikin hanyoyinsu, alhali suna ci gaba da isar da ƙarfin inji.

Muddin akwai giris mai tsabta a ciki, wannan zamewar ba ta da wata illa. Idan giris ɗin ya zube, ko ya tsinke saboda zafi, ko yashi ya shiga, sai zobban su fara cin jikin kofin, kuma ba ko'ina suke ci ba, sai daidai wurin da suka fi zama da kuma gefen da suke dannawa a lokacin da injin yake tura motar gaba. Da daɗewa sai su yi gurbi a wurin, kamar yadda igiyar guga take yin gurbi a itacen bakin rijiya. Idan ka taka totur, ƙarfin inji yana danna zobban cikin wannan gurbin, maimakon su zame sai su riƙa sarƙewa suna kuɓucewa, kuma kowace sarƙewa tana tura inji da akwatin giya gefe guda. Tayar mota irin taka tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, saboda haka a gudun kilomita 60 tana juyawa kamar sau 8 a daƙiƙa, kuma tun da ƙafafun uku ne, turin yana zuwa kusan sau 25 a daƙiƙa. Abin da kake ji a ƙarƙashin ƙafarka ke nan. Da ka ɗaga ƙafa, nauyin ya koma ɗaya gefen kofin wanda bai ci ba, sai komai ya yi shiru. Hawan tudu da ɗaukar iyali suna ƙara abin ne domin suna ƙara ƙarfin da ake bukata, kuma idan bayan mota ya zauna saboda kaya, gabanta yana ɗagawa, kusurwar sandunan tana ƙaruwa. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ekilibiraj bai yi maka komai ba: rashin daidaiton nauyin taya ba ya sanin ko ka taka totur ko ba ka taka ba, kuma galibi a sitiyari ake jin sa, tsakanin gudun 80 zuwa 110.

Maganar da ka yi cewa abin ya fara bayan damina ba ƙaramar shaida ba ce. Abin da ke kare gaɓar nan robar da ta lulluɓe ta ce kawai, wadda muke kira sufule, kuma ƙasarmu ba ta tausaya wa roba. Zafin watannin Afirilu da Mayu, da yake wuce digiri 40, yana busar da ita har ta tsattsage a cikin lanƙwasarta, ƙaya da duwatsun Adar suna huda ta, sannan ruwan sama ya zo, mota ta ratsa ƙorama ko kududdufin unguwa, ruwa da yashi su shiga ta ƴar kafar da ba a ma gani. Motocin da ake kawo mana daga Turai kuma sun riga sun yi shekaru da robobinsu na asali kafin su iso. Gaɓar da yashi ya shiga a watan Agusta tana iya fara girgiza a watan Nuwamba, mai motar kuma ba zai haɗa abubuwan biyu ba.

A gareji, ka ce a hau da motar kan rami, ko a ɗaga ta a tallafe ta da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Kada ka bari yaron gareji ya shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, ko an tokare ta da bulo, domin rai ya fi gaban wannan gangancin. A haska fitila a inda sandunan suke shiga akwatin giya. Idan sufule ya fashe, za a ga giris ya fantsama a kewaye, ya manne a jikin akwatin da ƙarfen ƙasa, ƙura ta lulluɓe shi. A buɗa lanƙwasar robar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, saboda tsagar takan ɓuya a can ciki, a kuma duba ɗaurin ƙarfen da ke bakinta ko ya saki. Sannan a kama sandar kusa da gaɓar ciki a gwada ta. Motsin shiga da fita daidai ne, don haka aka yi ta, kuma kada wani ya nuna maka wannan ya ce lalacewa ce. Abin da ba a so shi ne ta yi motsi sama da ƙasa a cikin kofin, ko kuma a riƙe kofin a murɗa sandar a ji tana da sarari tana bugawa. A gwada ɓangarorin biyu a kwatanta, domin daga kujerar direba yana da wuya a ce hagu ne ko dama.

Akwai lokacin da robar take lafiya, sararin kuma bai fito fili ba, amma gwajin hanya ya nuna kardan. A nan ban ga laifin a cire sandar a zame sufulen a duba ciki ba, domin aikin ƴan sa'o'i ne kuma ba a kwatanta shi da buɗe inji. Giris ɗin da ya zama ruwa-ruwa, ko ya koma launin tsatsa, ko kuma aka murza shi tsakanin yatsu aka ji yashi, ya riga ya ba da labari. A wanke kofin tas, a bi hanyoyin nan uku da ɗan yatsa. Idan suna da santsi, zobban kuma suna juyawa ba tare da sarƙewa ba, sabon sufule da sabon giris sun wadatar, kuma ka tsira da kuɗi kaɗan. Idan yatsa ya faɗa gurbi, ko zoben yana lilo a kan ƙafarsa, to babu giris ɗin da zai mayar da ƙarfen da ya tafi, sai an canja gaɓar ko sandar gaba ɗaya.

A nan ne nake so ka buɗe ido, domin gyaran da ba a yi daidai ba yana dawo da girgizar, wani lokaci fiye da ta farko. Na ga inda ake cike gurbin da walda a goge da dutse, kuma ban yarda da wannan ba ko kaɗan, saboda fuskar kofin an ƙarfafa ta da wuta tun daga masana'anta, walda kuwa tana kashe wannan taurin, kuma hannu ba zai iya fitar da hanyar daidai yadda take ba. Na ga kuma inda ake yanke sandar wata mota a haɗa da walda don tsawon ya yi daidai, irin wannan sandar ba ta taɓa miƙewa sosai, kuma tana iya karyewa a kan gudu. Ɗaure fasasshen sufule da leda ko da tsinken robar tiyub yana iya kai mutum gida daga daji, amma ba gyara ba ne. Idan za ka sayi na hannu a wurin masu kayan tsofaffin motoci, a Tawa ko a Ƙonni ko a Yamai, ka tafi da tsohuwar sandar, a jera su a ƙasa a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran bakin da ke shiga akwatin giya da na bakin da ke shiga taya, a duba zoben haƙora na birkin ABS idan motarka tana da shi, domin Corolla ta Turai da ta Amurka da ta Dubai suna kama da juna a ido amma ba kullum kayansu suke shiga juna ba. Ka kuma sa a zame robar a gabanka ka ga cikin kofin kafin ka biya. A ganina tsohuwar sanda ta asali wadda cikinta yake da santsi ta fi sabuwa mai arha wadda ba a san inda aka ƙera ta ba, domin na sha ganin sabbin nan suna girgiza tun ranar da aka ɗaura su.

Wajen ɗaurawa, a sa giris ɗin da aka yi domin gaɓar ciki, wanda yakan zo cikin kwalin sufule, ba baƙin giris ɗin da ake shafa wa kowane ƙarfe ba. A ɗaure bakin robar da ɗaurin ƙarfe na ainihi, ba waya ba. A duba robar da ke tare mai a bakin akwatin giya, domin cire sanda yakan ji mata rauni, kuma a tuna cewa man akwatin yana zuba idan an zare sandar. Akwatin giyar hannu na irin motarka kusan lita 2 kawai yake ɗauka, saboda haka abin da ya zube ba ƙarami ba ne a wurinsa, dole a cika shi kafin a tashi motar. Babban notin da ke tsakiyar taya kuma a ɗaure shi da ma'aunin ƙarfi yadda littafin motar ya ce, a danne bakinsa don kada ya warware.

Tun da motar tana kan rami, kada a sauke ta ba a duba sipor ba, wato robobin da inji da akwatin giya suke zaune a kansu. Su kaɗai ba kasafai suke haifar da irin girgizarka ba, amma idan ɗaya ya tsage ko ya zauna, inji yana karkacewa, kusurwar sandunan tana sauyawa, ƙaramar matsalar kardan sai ta zama babba, kuma sabon kardan ɗin ma ba zai daɗe ba. Gwajinsu mai sauƙi ne: a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, kada kowa ya tsaya a gaba ko a baya, a buɗe murfin inji, direba ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci kaɗan sannan ya sake takawa, ya maimaita da giyar baya, makanike kuma yana kallo daga gefe. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma idan injin ya yi tsalle ko aka ji ya buga, akwai wanda ya mutu a cikinsu.

Idan kuwa gwajin hanya ya nuna fizga da raguwar ƙarfi, to sai mu koma kan wuta, kuma canja buji da aka yi bai rufe wannan ƙofar ba. Idan ka taka totur sosai, iska mai yawa tana shiga silinda, matsin da ke ciki yana ƙaruwa, kuma tartsatsin wuta yana bukatar ƙarfin lantarki fiye da na da kafin ya tsallake bakin buji. Shi ya sa bobin, wato abin da ke ba buji wannan ƙarfin lantarki, idan ya yi rauni yake aiki lafiya idan mota tana tsaye, amma ya gaza a kan tudu. Motarka tana da bobin guda a kan kowane buji, saboda haka a zare su a duba ko robar jikinsu ta tsage, ko akwai farin layi ko baƙin layi da ke nuna inda wuta take tserewa, a kuma leƙa ramin bujin ko man inji ya taru a ciki saboda robar murfin kan inji ta saki. Su kansu bujin da aka sa a duba lambarsu ko ita ce ta wannan injin, domin jabun buji masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwa.

Game da fitilar inji da ka ce ba ta kama ba, ka fara tabbatar da cewa tana da rai. Ka murɗa makulli ba tare da ka tashi motar ba, ya kamata ta kama tare da sauran fitilu, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, to ko ta ƙone ko an kashe ta kafin a sayar maka da motar. Ko da fitilar ba ta nuna komai ba, yana da kyau a jona kwamfutar bincike, domin motocin fetur da aka sayar a Turai tun daga 2001, da na Amurka tun daga 1996, duk suna da wurin jonawa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Kwamfutar tana nuna matsala ne da lamba. Lambar P0300 tana nufin ƙin kama wuta ba a silinda ɗaya takamaimai ba, P0301 zuwa P0304 kuwa suna faɗin silindan da abin ya shafa, P0171 kuma tana nuna iska ta fi mai yawa. Lambar tana nuna wuri ne, ba ta faɗin abin da za a saya. Idan ta ce silinda na biyu, sai a musanya bobin ɗinsa da na silinda na uku, a goge lambar, a sake hawa hanya. Idan lambar ta koma na uku, bobin ne. Idan ta tsaya a na biyu, sai a duba buji da injekta mai fesa mai da matsin silindan. Duk ranar da ka ga fitilar nan tana ƙiftawa kana cikin tafiya, ka rage wuta nan take, domin ɗanyen fetur yana tafiya cikin salansa yana ƙona tukunyar da ke tace hayaƙi.

Ƙarancin mai yana da tasa alamar: motar tana tashi lafiya, amma idan juyin inji ya yi sama sai ta riƙa noƙewa kamar numfashinta ya ƙare. Mai yawan shan man kwalba na bakin hanya, ko mai yawo kullum da tanki a ƙasa, shi ya fi haɗuwa da wannan, saboda datti da ruwa suna toshe matata, famfon da ke cikin tanki kuma man ne yake sanyaya shi. Ana gane wannan da agogon auna matsin mai, wanda ya kamata ya nuna kimanin bar 3 kuma kada ya faɗi idan an ba da wuta. Matatar iska ma a duba ta, tun da hunturu ya kawo ƙura.

Saboda sauran masu karatu da motocinsu ba irin taka ba ne, zan ƙara abu biyu a taƙaice. Mai Hilux ko Land Cruiser ko Hiace, wanda ƙarfin motarsa yake tafiya baya ta doguwar sanda a ƙarƙashi, ya fara duba gaɓoɓin gicciye na wannan sandar da robar da ke riƙe tsakiyarta, ya kuma tambayi kansa yaushe rabon da a ɗura musu giris. Mai mota otomatik kuma, idan yana jin ɗan karkarwa tsakanin gudun 50 zuwa 80 da totur kaɗan, kuma tana ɓacewa idan ya ƙara wuta sosai, ya sa a duba launin man akwatin giya da ƙamshinsa kafin komai.

Buɗe inji shi ne abu na ƙarshe, kuma yana da sharaɗi. Kafin a kwance noti ko ɗaya a kansa, dole a auna matsin kowane silinda da agogo, a rubuta lambobin huɗu a takarda a nuna maka. Idan suna kusa da juna, bambancinsu bai wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba, injin ba ya cin ruwa, ba ya zafi, ba ya hayaƙi, to babu hujjar taɓa shi. Ba ina cewa makanikenka yana neman cutar da kai ba ne, mai yiwuwa bai hau motar tare da kai ya ji abin da kake ji ba, shi ya sa nake son ku yi gwajin hanyar nan tare.

Tafiyar Yamai kuma, shawarata ita ce ka ɗage ta har sai an duba ƙarƙashin motar. Daga Tawa ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso ya haura kilomita 500, ga manyan motoci da za ka riƙa wucewa, kuma wuce babbar mota shi ne daidai lokacin da kake taka totur har ƙasa. Gaɓar ciki da ta ci takan daɗe tana girgiza kafin ta watse, amma idan ta watse motar tana rasa ja gaba ɗaya ko da injin yana ruri, sandar kuma tana iya dukan akwatin giya ta fasa shi. Idan tafiyar ta zama dole kafin a samu kayan gyara, a tabbatar aƙalla sufulen a rufe yake da sabon giris a ciki, notocin taya a ɗaure suke, ka rage kaya, ka riƙa ba da wuta sannu-sannu, kuma kada ka yi tafiyar dare. Idan ka yi gwajin, ka rubuto mini abin da ya faru a giya ta uku da kuma lokacin da ka taka kuloci, tare da abin da aka gani a jikin sufulen hagu da na dama, sai mu san wace sanda za a fara cirewa.